Sabuwar laftof amma Mod Organizer na tafiyar hawainiya, don Allah ku taimaka

Abba_Dovah:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman taimako kafin raina ya gama ɓaci. Satin da ya wuce na haɗa 'yan kuɗina na sayi sabuwar laftof dal a kwali, i7-12700H, RTX 3050, RAM 16GB, SSD 512GB, Windows 11. Tsohuwar tawa i5 ce ta zamanin da, wadda fankarta ke kuka kamar injin markaɗe, amma wallahi a kanta Mod Organizer 2 (MO2), wato manhajar da ke jera mods na gem, bai kai minti ɗaya ya buɗe. A wannan sabuwar kuwa in na danna shi sai in tashi in je in yi alwala in dawo yana nan yana tunani. Jiya na duba agogo, minti shida da wani abu. Ya buɗe ɗin ma, ina kunna mod ɗaya ko in kashe sai ya sandare ya yi fari fat, wai Not Responding. Gem ɗin Skyrim Special Edition nake wa mods, wato ƙarin fayilolin da ke sauya kamannin gem ko su ƙara masa abubuwa, sun kai 320, kuma su ne dai waɗanda ke kan tsohuwar, kwafo su na yi ban ƙara ko ɗaya ba. Gem ɗin kansa in ya samu ya tashi lafiya lau yake gudu, manhajar ce kawai ke ba ni wahala. Me na yi ba daidai ba?

dan_Fagge99:
Wa alaikumus salam. Ka tabbata sabuwa ce ba an wanke tsohuwa an sa maka a kwali ba? 😂

Abba_Dovah:
Haba dan_Fagge, a gabana aka yanke ledar. Kuma ai na ce gem ɗin na gudu, da matsalar injin ce ai a can zan fara gani.

Musbahu_GH:
Goge Windows 11 ɗin nan ka ɗora 10 kawai ka huta. Ni duk wanda ya kawo min irin wannan kukan abin da nake ce masa ke nan.

Hajara_IT:
Musbahu don Allah a daina saurin cewa a goge. Mutum ya zo da ciwon kai ka ce a sare kan? Kuma wannan furosesa tasa ta ƙarni na 12 ce, tana da cibiyoyi iri biyu, manya guda 6 masu ƙarfi da ƙanana guda 8 masu tattalin wuta, kuma Windows 11 ne aka gina don ya san yadda zai raba musu aiki. Ka mayar da shi 10 ka ƙara masa wata matsalar, ga shi tun Oktoba 2025 aka rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum.
Abba, kafin komai yi min abu ɗaya. Buɗe Task Manager tukuna, ka bar shi a gefe, sannan ka danna MO2. Lokacin da yake wannan tunanin nasa ka duba wane ne ke saman layi a CPU, wane ne kuma a Disk. Ka faɗo mana sunayen.

Abba_Dovah:
To Anti Hajara na yi. MO2 ɗin kansa ko kashi 5 bai ci ba. Wanda ke sama wani antibairos ne da na tarar a cikin laftof ɗin, na gwaji na wata ɗaya, kullum yana min tallan in biya. Shi ke cin CPU, Disk ma shi ne. Ƙasansa kuma akwai OneDrive, ma'ajiyar intanet ta Microsoft, yana ta motsi.

Hajara_IT:
Yauwa. Ga ɓarayinka nan guda biyu ka kama da hannunka.

malam_Bash:
Bari in yi bayanin dalili, don in ka gane shi ba sai ka sake tambaya ba ko ka canza kwamfuta goma. MO2 ba ya zuba mods a cikin foldar gem. Kowane mod yana zaune a foldarsa daban, sai lokacin da ka kunna gem ya yi amfani da wani abu da ake kira USVFS ya nuna wa gem ɗin kamar duk fayilolin suna cikin Data alhali ba sa nan. Wannan ne daɗinsa, foldar gem ɗinka tana nan tsaf ba a taɓa ta ba. Amma kuɗin da kake biya shi ne duk sanda ya buɗe, ko ka canza wani abu, sai ya bi foldojin nan ya lissafa fayil ɗaya bayan ɗaya don ya san wa ya danne wa. Mods 320 ba fayil 320 ba ne ɗan'uwa. Mod ɗaya na fuskokin mutanen gari ko na bishiyoyi da duwatsu zai iya zuwa da fayiloli dubbai a warwatse. To ka ɗauka kowane fayil da MO2 ya taɓa akwai mai gadi a bakin ƙofa da zai ce tsaya in caje ka. Kamar hanyar da aka cika da shingaye ce, motarka ko sabuwa ce ba ta da damar gudu. Shi ya sa i7 ɗinka ke zaune tana hamma.
Ƙari a kan haka shi USVFS ɗin yana kutsa kansa ne cikin wata manhajar da ke gudana, kuma irin wannan ɗabi'ar ita ce ɗabi'ar bairos, don haka antibairos ke sa masa ido fiye da kowa.

Abba_Dovah:
Allah ya ƙara ilimi malam. Amma me ya sa tsohuwar ba ta yi haka ba?

malam_Bash:
Wa ya ɗora maka Windows ɗin tsohuwar?

Abba_Dovah:
Wani mai gyara ne a kasuwa, lokacin da na sa mata SSD.

dan_Fagge99:
Shi ke nan an gama magana 😂 wallahi ya kashe maka Defender, antibairos ɗin Windows, tun ranar, shekara nawa kana yawo ba riga ba ka sani ba.

Abba_Dovah:
Kai! Yanzu na kunna ta na duba, wallahi a kashe yake. Innalillahi.
To na cire na gwajin nan daga sabuwar, na yi ristatin. Ya ragu amma ba wani sosai ba, yanzu minti huɗu. Kuma wani sabon suna ya hau sama, Antimalware Service Executable.

Hajara_IT:
An gudu ba a tsira ba ke nan. Wannan Defender ne na Windows. Idan akwai wani antibairos a kan sistem yakan ja gefe ya bar masa aikin, kana cire wancan sai ya dawo bakin aikinsa da kansa. Ba sai ka kashe shi ba. Shiga Windows Security, Virus & threat protection, Manage settings, ka gangara ƙasa har Exclusions, wato jerin wuraren da ba zai riƙa cajewa ba. Ka sa foldar da MO2 yake, da foldar mods in daban take, da foldar Skyrim ɗin. Amma foldar downloads ta MO2 ni ba na son a cire ta daga bincike, a bar shi ya caje abin da ka sauko da shi tun yana cikin zif, nan ne ƙofar shigowa.

Sniper_KD:
Wannan duk dogon turanci ne. A kashe Defender gaba ɗaya kawai, ni shekara huɗu ba ni da antibairos ko ɗaya kuma ba abin da ya same ni.

Ummar_Faruk:
Sniper ba abin da ya same ka ko ba abin da ka sani ya same ka? Bari in ba ka labarina. Bara na ga wani bidiyo wai mod na motocin Najeriya a GTA V, har da Keke Napep, mahaɗin saukewa a ƙarƙashin bidiyon. Na sauke, Defender ya yi ihu, na ce kai dalla rufe min baki na kashe shi. Abin ya zo da exe wai sai ka danna ya girka kansa. Na danna, ba abin da ya fito, na ce ƙila bai yi ba ne na manta da shi. Bayan kwana biyu aka fitar da ni daga Facebook ɗina da imel ɗina, aka fara tura wa 'yan'uwana saƙo wai ina asibiti a turo kuɗi. Ƙanwar babata har ta tura. Har yau in mun haɗu a biki kunya nake ji. Ba Keke Napep ba dalilinsa.

Sniper_KD:
Ai kai ka jawo wa kanka, wa ya ce ka danna exe daga bidiyo.

Ummar_Faruk:
To ai shi ya sa ake barin mai gadi, saboda ranar da wayonka zai tafi hutu.

malam_Bash:
Gaskiyar Ummar. Kuma ku riƙe wannan, yawancin mods na Skyrim fayilolin esp ne da bsa da hotuna da makamantansu a cikin zif ko 7z, ba su da buƙatar exe. Waɗanda ke zuwa da exe ko dll sanannu ne, irin su SKSE64 da LOOT da SSEEdit da BodySlide, kuma kowanne akwai inda aka san ana ɗaukarsa. Wani ya turo maka a Telegram wai an haɗa maka komai a wuri ɗaya, to ka yi hattara.

Abba_Dovah:
Na zo sa Exclusions ɗin sai na lura da wani abu. Adireshin foldar tawa haka yake: Users, sunana, OneDrive, Documents, sannan MO2. Ni fa a Documents na zuba, ban san ya aka yi OneDrive ya shigo tsakiya ba. Kuma wasu foldojin akwai alamar gajimare a jikinsu wasu alamar kibiya mai juyawa.

Hajara_IT:
Abba! A Documents ka zuba mods? Gigabait nawa ne?

Abba_Dovah:
Wajen 90. A tsohuwar ma a can suke shi ya sa.

Hajara_IT:
A tsohuwar Documents ɗin folda ce kawai. Sabuwar lokacin da kake saita ta ka shiga da akawun ɗin Microsoft, ka yi ta danna Next ba ka karanta ba, a nan ka amince a riƙa ajiye maka kwafin Desktop da Documents da Pictures a intanet. To tun ranar yake ƙoƙarin ɗora gigabait 90 a ma'ajiyar da kyautarta 5GB ce. Alamar gajimare kuma tana nufin fayil ɗin ba ya kan kwamfutarka a yanzu, sai an nema a sauko da shi.

Abba_Dovah:
Wayyo Allah. Shi ya sa datar da na sa ta wata ta ƙare a kwana uku, ina ta zargin ƙanena da kallon bidiyo a hotspot ɗina har mun yi faɗa. Laifina ne ashe.

dan_Fagge99:
Je ka ba yaro haƙuri ka haɗa masa da tsire 😂😂

malam_Bash:
Ka yi a hankali wajen gyaran nan, kar ka je ka goge foldar daga OneDrive kai tsaye ka rasa kayanka. Ka fara danna dama a kan foldar MO2 ka zaɓi Always keep on this device, ka jira duk gajimaren su koma alamar kore. Ko kuma tunda tsohuwar laftof na nan da kayan a ciki, sake kwafowa daga can ya fi maka arha a kan data. Ka buɗe folda a gindin C kai tsaye, gajeren suna, misali C:\Modding, ka zuba a can. Kar ka sa a Program Files, Windows na tsaurara izini a wurin, kar ka sa a Desktop ko Documents. Gajeren suna ma yana da amfani don tsofaffin manhajoji da yawa suna rikicewa idan adireshin fayil ya wuce haruffa 260, kuma wasu mods folda cikin folda cikin folda ne. In ka matsar, ka shiga Settings na MO2 wajen Paths ka tabbatar yana kallon sabon wurin, haka ma adireshin SKSE da sauran kayan aikin da ka jera a ciki.
Abu ɗaya kuma, seb ɗin Skyrim, wato ajiyar inda ka tsaya a wasa, yana zama ne a Documents, My Games. Idan ka kashe ajiyar Documents a OneDrive ka duba seb ɗinka sun biyo ka, mutane da yawa a nan suke tsorata su ɗauka sun ɓace.

Issoufou_Zinder:
Sannunku. Ni tambayata daban ce amma kusa take. Abba lokacin da kake gwajin nan laftof ɗin na jone da caja ko a batir take? Don mu nan in an ɗauke kuran na koma batir, komai nawa sai ya koma rabi, ba gem ba ba manhaja ba.

Abba_Dovah:
Gaskiya yawanci a batir ne, unguwarmu sai dare ake kawo wuta.

Issoufou_Zinder:
To ka gwada a jone. Waɗannan laftof ɗin na gem a batir suna rage wa kansu ƙarfi da gangan, batirin ba zai iya ba furosesa da katin hoto wutar da suke sha ba. Ka shiga Settings, System, Power & battery ka mayar da Power mode zuwa Best performance, kuma in Energy saver, wanda a da ake kira Battery saver, ya kunna kansa ka kashe. Sannan da cajarta ta asali, ba ƙaramar caja ta aro ba. Wani abokina ya sayi caja a kasuwa mai arha, tana nuna tana caji amma ƙarfinta bai kai ba, inji ya riƙa tafiya kamar an ɗaure masa ƙafa, wata biyu yana zagin Windows.

Musbahu_GH:
Kun gani ko, duk wannan wahalar a 10 babu ita.

Hajara_IT:
Musbahu Defender na nan a 10, OneDrive na nan a 10, batir ma na nan a 10 😅

Musbahu_GH:
Amma ƙananan cibiyoyin nan da kika ambata fa? Ni na ga da idona, ka bar manhaja tana aiki ka koma burauza sai Windows ya tura ta kan ƙananan ta koma rarrafe. Kuma lokacin da ƙarni na 12 ya fito a 2021 ai har wasu gem ƙin tashi suka yi saboda su.

malam_Bash:
Wannan kam ka faɗi gaskiya a rabi. Waɗancan gem ɗin matsalar manhajar hana satar fasaha ce da ta ɗauka cibiyoyin iri biyu kwamfuta biyu ce, kuma an gyara daga baya. Batun tura aikin da ke bayan fage kan ƙananan cibiyoyi kuwa yana faruwa, musamman a batir ko a yanayin tattalin wuta. Idan kana gudanar da abu mai daɗewa irin DynDOLOD ko BodySlide yana gina kaya da yawa, ka bar tagarsa a gaba, a jone da wuta, kuma ka duba Task Manager ko akwai alamar ganye a gefen sunansa, wato Efficiency mode. Amma matsalar Abba ba ita ba ce, ai ya ce MO2 ko kashi 5 bai ci ba. Wanda ke jiran layi ba ƙarfin ƙafa ne ya dame shi ba.

PES_Master_Jos:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda an taɓo. Ni ba na wannan gem ɗin dodanni, gem ɗin ƙwallo PES 2021 nake yi da Sider, manhajar da ke shigar masa da mods. Na canza kwamfuta ni ma, yanzu kafin a shiga fili sai an daɗe ana lodi, musamman in na kunna filaye da rigunan da na ƙara. Shi ma Defender ɗin ne?

malam_Bash:
Zai iya zama, don Sider ma kutsawa yake cikin gem yana miƙa masa fayiloli daga foldar livecpk. Amma ina kayan naka suke zaune?

PES_Master_Jos:
A hadis na waje, wanda nake jonawa ta USB. Cikin kwamfutar ba wuri.

malam_Bash:
To ga amsarka nan. Hadis mai faifai yana da allura da sai ta yi tafiya ta nemo kowane fayil, a manyan fayiloli irin fim ba ka ji, amma dubban ƙanana kashe shi suke. In kuma ka jona a ramin USB 2.0 ka ƙara masa nauyi. Ko dai ka matso da waɗanda kake amfani da su kullum cikin SSD, ko ka rage filayen. Tsakani da Allah filaye nawa kake buga wasa a ciki?

PES_Master_Jos:
Uku 😂 amma ina da sun fi ɗari.

Alhaji_Sule_Kmr:
Ni dai ina karantawa ina mamaki. Mutum da gemunsa ya sayi kwamfutar da kuɗinta zai ja jari, don ya sa wa dodo sabuwar riga. Allah ya shirya mana ku.

dan_Fagge99:
Amin Alhaji, amma me kake yi a zauren 'yan gem ƙarfe ɗayan dare? 👀

Alhaji_Sule_Kmr:
Ɗana ne ya sa ni a ciki. Kuma ni tirela kawai nake tuƙawa a Euro Truck, wannan ai sana'a ce.

Hajara_IT:
😂😂 Alhaji ka gama da mu. Amma ba wasa ba, ni ta hanyar mods ɗin nan na fara sanin mene ne adireshin fayil da izinin folda da yadda ake karanta log, tun ina makaranta. Yau da shi nake cin abinci.

Zahra_plays:
Ni shawarata Abba ya koma Vortex kawai, wata manhajar jera mods irin MO2. Na Nexus Mods ne da kansu, ka danna saukewa a shafin ya shigo ya jera maka, ba ruwanka da wannan USVFS ɗin. Tun da na koma ban sake ganin fari fat ɗin nan ba.

malam_Bash:
Vortex ba laifi, amma ba maganin wannan ciwon ba ne. Shi yana amfani da hardlink ne, wato yana sa wa fayil ɗaya suna biyu, ɗaya a ma'ajiyarsa ɗaya a cikin Data na gem. Don haka dole ma'ajiyar mods da gem su kasance a faifai ɗaya, kuma NTFS, in hadis ɗinka exFAT ne ba zai yi ba. Lokacin kunna gem ya fi sauƙi tunda komai na wurin, amma duk sanda ka canza abu sai ya yi Deploy, kuma a nan shi ma mai gadin zai tare shi fayil bayan fayil. Ka zuba ma'ajiyar Vortex a Documents ɗin OneDrive ka ga ikon Allah. Sannan mutum mai mods 320 da ya riga ya jera wa ya danne wa da hannunsa, ki ce ya sake daga farko? Sai ya yi sati.

Zahra_plays:
Malam ai LOOT na cikin Vortex, shi ke jerawa.

malam_Bash:
LOOT jerin esp yake gyarawa. Wane hoto zai danne wane hoto wannan kai za ka faɗa masa, a Vortex ma sai ka kafa dokoki ɗaya bayan ɗaya.

Zahra_plays:
Duk da haka ni ya fi min kwanciyar hankali. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abba_Dovah:
Jama'a na dawo. An kawo wuta ƙarfe goma, ga abin da na yi. Na sake kwafowa daga tsohuwar zuwa C:\Modding, na kashe ajiyar Documents, seb ɗina suna nan alhamdulillah. Na sa Exclusions uku kamar yadda Anti Hajara ta ce, na bar downloads. Na jona caja na sa Best performance. MO2 yanzu daƙiƙa 14 yake buɗewa! Kunna mod da kashewa nan take. Har na rufe na sake buɗewa sau biyar don daɗi.
Amma saura abu ɗaya. SSEEdit, manhajar dubawa da gyara fayilolin esp na mods, in na kunna shi ta cikin MO2 ya daɗe sosai yana rubuce-rubuce a gefe kafin ya ce ya gama, ya fi minti goma. Kuma laftof ɗin ta yi zafi ta sama wajen madannai har ba daɗin taɓawa.

malam_Bash:
Na farko ne ko kullum? Karon farko dole ya daɗe, yana gina ma'ajiyar bayanan da ke nuna wane abu ke da alaƙa da wane a duk esp ɗinka, sai ya adana a folda mai suna SSEEdit Cache. Tunda ta MO2 ka kunna, za ka same ta a Overwrite can ƙasan jerin hagu. Kar ka goge. Ka mayar da ita mod ka bar ta a kunne, karo na biyu zai yi sauri. Masu share Overwrite kullum don tsafta su ne kullum ke jira.

Abba_Dovah:
Kash. Ni fa ina gani na share.

dan_Fagge99:
Abba kai dai a bar ka da share-share da Next Next 😂

Issoufou_Zinder:
Batun zafi kuma kar ka raina shi. A kan me ka ɗora ta? In a katifa ne ko kan cinya ka toshe mata hanci, ta ƙasa take shaƙar iska. Ka sauke HWiNFO ka duba zafin CPU lokacin aikin, in yana kai 95 zuwa 100 kuma ka ga an rubuta Yes a layin thermal throttling to tana rage gudu ne don kar ta ƙone. Mu da muke shiga watan Afrilu ɗaki kamar tanda, ga ƙurar hunturu da ke cika fanka, dole ka ɗaga bayanta ko da murfin kwalba biyu ne, kuma duk shekara a buɗe a hure.

Sniper_KD:
Ka kashe Memory integrity ma a Core isolation, yana cin gudu. Sabbin kwamfutoci da shi a kunne suke zuwa.

Hajara_IT:
Sniper kai komai a kashe 😅 Gaskiya ne Microsoft da kansu sun ce zai iya taɓa gudun gem a wasu injina, amma kariya ce ta gaske, kuma Abba ya ce gem ɗinsa lafiya yake gudu. Abba kar ka canza abu biyar lokaci guda. Ka canza ɗaya, ka auna da agogo, in bai yi komai ba ka mayar yadda yake. Yanzu ma da ka haɗa uku a dare ɗaya ba mu san wanne ya fi yin aikin ba, foldar ce ko Exclusions ko cajar.

Musbahu_GH:
Ni na ce foldar ce.

malam_Bash:
Ni kuma na fi zargin binciken antibairos, don ya ga ragi tun da ya cire na gwajin. Amma OneDrive ɗin ma ba ƙaramin kaya ba ne. Abba in kana da lokaci cire Exclusions ɗin na minti biyar ka buɗe ka gaya mana, don masu zuwa baya.

Nazifi_new:
Salam, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Ni ma irin matsalar ce amma na yi duk abin da kuka faɗa tun kafin yau, folda a C, Exclusions, caja, kuma har yanzu a hankali yake, musamman in ina girka babban mod sai ya fara da gudu can ya faɗo ƙasa warwas. RAM ɗina 8GB ne, SSD 256 kuma saura 11GB a ciki.

Hajara_IT:
Nazifi taka daban ce. SSD ɗinka ya cika maƙil, kuma masu arha suna da ɗan wurin da suke karɓar rubutu da sauri, yana cika sai gudun ya zube, in faifan ya kusa cika wurin nan ƙanƙancewa yake. Ga RAM 8 da in ta ƙare Windows kan faifan nan dai yake komawa. Fara share tsofaffin zif da ke cikin downloads, ko ka kwashe su zuwa hadis na waje, su kam ba ruwansu da gudu. Ka buɗe Task Manager wajen Performance ka gaya min Memory kashi nawa yake kaiwa lokacin girkawar, kuma Slots used nawa ya nuna.

Nazifi_new:
1 of 2 ya nuna. Memory kuma 91.

Abba_Dovah:
Malam Bash zan gwada cire Exclusions ɗin gobe in Allah ya kai mu, yanzu sun sake ɗauke wutar kuma batir saura 18. SSEEdit ɗin ma ban samu na sake kunnawa ba. Tsiren ƙanena dai na saya.